Madawaki Ya Ce, Sarkin Baka Ya Ji

A zamanin da Sarki Arzika ke riƙe da Birnin Kandare, an yi wani Sarkin Baka da ake kira Anaruwa. Duk maharban garin a hannunsa suke, shi kuma yana ƙarƙashin Madawaki Tunau, shugaban yaƙi. To Madawakin nan ya sa wa ransa sai ya ga an cire wa Anaruwa rawani. Kowa a fada ya san da haka, har masu share ƙofa.

Abin da ya haɗa su fa ba wani babban abu ba ne. An dawo daga wani yaƙi da nasara, ana shiga gari, sai wani tsohon maroƙi mai suna Cindo daɗi ya ɗebe shi, ya kira sunan Sarkin Baka kafin na Madawaki. Shi ke nan fa. Anaruwa bai sa shi ba, bai ma ji ba, don hayaniya ta yi yawa. Amma Madawaki ya ji, ya kuma ga Sarki ya yi murmushi.

A Kandare Madawaki ba ya cire rawani da kansa. Sarki kaɗai ke sa a cire, kuma laifin da ke jawo haka shi ne mutum ya saɓa maganar wanda ke samansa. Sannan Sarkin Baka ba shi da baki a majalisa. Yana shiga, yana zama a bayan Madawaki, amma in yana da magana sai dai ya raɗa masa, shi kuma ya faɗa wa Sarki yadda ya ga dama.

Sai Madawaki ya fara aikinsa. Ya kira Anaruwa zaurensa, su biyu rak, ya ce, "Gobe ka jera maharba a Ƙofar Yamma, Sarki zai duba su."

Anaruwa ya jera su. Rana ta dake su har la'asar. Sarki kuwa yana Ƙofar Gabas yana jira. Da aka tambaya, Madawaki ya girgiza kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, Gabas na ce masa. Ƙuruciya ce, a yi masa uzuri."

Ruwa ya sauka, Madawaki ya sake kiran Anaruwa, su biyu dai, ya ce ya sallami rabin maharba su je su taya iyayensu shuka. Ya sallame su. Ba a jima ba Sarki ya tambayi ina maharbansa, Madawaki ya buɗe baki kamar ranar ya fara jin zancen. Anaruwa na zaune a bayansa, yana ji, ba damar magana.

Ana fitowa Galadima Nomau, tsohon da ya fi kowa daɗewa a fada, ya tsaya kamar yana gyara takalmi har Anaruwa ya iso. Bai ko dube shi ba ya ce, "Ɗana, Sarki ya fara gajiya. In aka sake, iska za ta sha kanka." Ya wuce abinsa.

Anaruwa ya koma gida ya zauna a tsakar gida, bai ko cire rawanin ba. Matarsa Tasalla ta ɗora masa 'yarsu Tanoma a cinya. Yarinyar tana haƙori a lokacin, komai ta kama sai baki, nan da nan ta cafki jelar rawanin ta fara tauna.

"Ki rabu da ita ta ci," in ji shi. "Ko ba ta cinye ba, wani zai karɓe."

"Baban Tanoma, me ka yanke?"

"In na yi masa musu, na saɓa. In na yi shiru, na saɓa. Wani ya ce in bar garin in koma wata ƙasa da bakana. Wani ya ce in je in faɗi a gabansa in yi kuka. Kukan me? Ban san laifina ba."

Tasalla ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Ni fa da na zo gidan nan, Inna, mahaifiyarka, ta so ta gama da ni. Ta ce in sa kuka a miya, in na sa ta ce kuɓewa ta ce. To ka san me na yi? In ta faɗa mini a ɗaki, sai in fito nan in tsaya in ɗaga murya, 'Inna, kuka kika ce ko? To Allah ya ƙara girma!' Makwabta duk sun ji. Ba ta iya cewa na yi rashin kunya ba, ai gaishe ta nake. Ka ga yanzu ni da ita ko ɗiyarta sai haka."

Anaruwa ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Sai kuma ya tuna wani abu.

Akwai wata tsohuwar al'ada a Kandare da ake kira ɗaga magana. In babba ya ba ƙarami umarni, ƙaramin yakan sa maroƙi ya tsaya a bainar jama'a ya faɗi umarnin da ƙarfi, don a ga yadda yake girmama ubangidansa. Wanda kuma ya ɗauki al'adar, duk maganar da ba a ɗaga ba ba ta hau kansa ba. An daɗe da barinta, don masu sarauta na ganin ƙasƙanci ne, aikin 'yan fadanci.

Washegari Anaruwa ya aika aka kira masa Cindo, maroƙin nan da ya jawo masa bala'in.

"Kai ka ƙulla, Baba Cindo, kai za ka taya ni kwancewa."

"Ni dai murya gare ni, ranka ya daɗe. Hankali kam tun ina yaro aka ce babu."

"Muryar nake so."

Daga ranar, duk abin da Madawaki ya faɗa a zaure, kafin Anaruwa ya kai gida Cindo yana ƙofar fada, ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana kwarma ihu: "Madawaki ya ce, Sarkin Baka ya ji! A gyara kwari, a sake tsirkiya!" Mutane suka yi ta dariya. Mata a bakin rijiya suka mai da shi waƙa. Wasu fadawa suka ce Anaruwa ya zubar da girmansa. Shi kansa Madawaki da farko abin ya yi masa daɗi, sunansa na tashi safe da yamma. Sai daga baya ya lura ba sauran maganar da zai iya juyawa. Hanawa kuma ba ta yiwuwa, wa zai je ya ce wa Sarki yaronsa ya cika girmama shi?

Ana cikin haka, damina ta yi tsakiya, sai ga manzo daga bakin iyaka, taɓo har gwiwa. Ya faɗi a gaban Sarki ya ce mayaƙan Burkuma sun taso, sun ƙone ƙauyukan hayi, sun nufo mashigin Gulbin Kargo. A wannan safiyar kuma aka je ɗauko tamburan yaƙi, aka tarar ƙudan zuma sun cika babban tambari, ba mai iya matsawa kusa.

Majalisa ta zauna. Madawaki ya fara magana.

"Zaki, Allah ya ja zamaninka. Burkumawa mutanen ƙasa ne, ba su san doki ba. Ka ba ni izini in haye gulbi in tattake su tun ba su huta ba. Zuman nan kuwa, alamar ganima ce mai zaƙi."

Galadima ya gyara zama ya ce, "Sarkin duniya, na ga damina da yawa a bakin Kargo. Ruwan nan ba ya son mai nauyi. Ni ban ga zuma a tambari ba, masu harbi na gani. Abu ƙarami mai dafi, da yawa, lokaci ɗaya. In aka bar ni, a tare mashigi da baka."

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Sarki Arzika ba mai yawan magana ba ne. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Madawaki, ka tare mashigi. Baka a gaba, doki a baya. Na gama."

Anaruwa na zaune a bayan Madawaki, ya ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Aka fita. Da rundunar ta yi nisa da birni, ta sauka a wani fili kusa da gulbi, Madawaki ya kira Anaruwa gefe.

"Ka kwashi maharbanka ka hau Dutsen Gauraka. Kada ka motsa sai na aiko."

Dutsen Gauraka yana can gefe, ana hango mashigi daga kansa, amma kibiya ba ta isa.

"Ranka ya daɗe, na ji Sarki ya ce baka a gaba."

"Da ni Sarki ya yi magana ko da kai? An gaya mini za su zagayo ta dutse."

"To ranka ya daɗe. Bari a ɗaga."

Madawaki ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. In ya hana a ɗaga, maganar ba ta hau kan Anaruwa ba, maharba za su tsaya a mashigi, gobe kuma a sake kiran sunan da ba nasa ba. In ya bari, rundunar duk ta ji. Amma a ransa ya riga ya ci yaƙin nan da doki. Wanda ya dawo da nasara ba a yi masa tambaya, kuma kowa zai ga an ci yaƙi Sarkin Baka na kan dutse yana kallo. Daga nan cewa ba shi da amfani ba zai yi wuya ba.

"A ɗaga," in ji shi.

Cindo ya hau kan wani suri ya toshe kunne. "Madawaki ya ce, Sarkin Baka ya ji! Maharba su hau Dutsen Gauraka, kada su motsa sai an aiko!" Ya faɗa gabas, ya faɗa yamma. Mayaƙa suka ji, masu ɗaukar kaya suka ji, har matan ƙauye da suka kawo fura.

Washegari da hantsi Burkumawa suka bayyana a hayi, 'yan kaɗan, kamar masu tsoro. Madawaki ya sa aka busa ƙaho, dawakai suka faɗa ruwa. To dawakan nan duk sanye suke da lifidi, rigar audugar nan mai kauri da ke tare mashi. A tudu garkuwa ce. A ruwa kuwa sai ta sha ta ƙoshi. Kafin su kai tsakiyar gulbi kowane doki kamar an ɗora masa wani dokin, ƙafafu suka nutse a laka. Nan ne ciyawar bakin ruwa ta motsa, Burkumawa suka tashi daga cikinta, ba iyaka, da masu da garkuwoyi, suka shigo ruwan da ƙafa.

Anaruwa na tsaye a kan dutse yana gani. Maharbansa na bayansa. Ya duba hanya ko manzo na zuwa. Babu. Ya duba bayan dutse ko akwai masu zagayowa. Gauraki ne kawai ke kiwo. Ya sake duba hanya. Yana hango tutar Madawaki a tsakiyar ruwa tana tangaɗi, mutanen da ya sani tun suna yara suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ya san Tunau, ya san gara ya nutse da ya aiko.

Cindo ya matso. "Ranka ya daɗe, ka tuna fa da bakina na ɗaga. Ba wanda bai ji ba."

"Na tuna."

"In ka zauna a nan, rawaninka ko Sarki ba zai taɓa ba. In ka sauka, kai ka miƙa masa."

"Na sani, Baba Cindo. Dabarar tawa ce, ni ta kama." Ya sa hannu ya ƙara matse rawanin. "Ka ɗaga mini wata. Kada gobe a ce yaran nan ne suka ƙi zama."

Tsoho ya share hanci, ya juya ya fuskanci gulbi. "Madawaki bai aiko ba! Sarkin Baka ya sauka da kansa!"

Suka gangaro a guje. Suka bi ta cikin gonakin dawa har bakin gaɓa, suka durƙusa. Burkumawa duk sun ba su gefe, ruwa har ƙugu, garkuwa na kallon dawakai. Anaruwa ya saki ta farko, sauran suka biyo kamar an girgiza tambarin nan na fada. Mutum a cikin ruwa ba ya gudu, ba ya kwanciya. Kafin azahar Burkumawa sun watsar da makamansu suna neman hayi, gulbi na tafiya da garkuwoyinsu. Aka jawo dawakan da suka rage da igiya. Aka jawo Madawaki ma, da sara a kafaɗa. Ya dubi Anaruwa, ya kau da kai.

Gari ya fita tarye da guɗa, amma gidaje da yawa kuka ake. Da majalisa ta zauna, Madawaki ya shigo hannu a rataye, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ba zai iya cewa Anaruwa ya gudu ba. Ba zai iya cewa bai aike shi dutse ba. Abu ɗaya ya rage masa, kuma gaskiya ne.

"Zaki, magajin masu gari. Ƙasa ba ta tsayawa da jaruntaka, da biyayya take tsayawa. Na ba Sarkin Baka umarni, shi da kansa ya sa aka ɗaga, shi da kansa ya karya, shi da kansa ya sa aka ɗaga karyawar. In aka bar wannan, gobe kowane yaro zai zaɓi maganar da zai ji. Dokar kakanninka ba ta da wuyar fahimta. Wanda ya saɓa maganar na samansa a cire masa rawani, ko waye shi, ko da ya kawo nasara."

Sarki ya dubi Galadima. "Haka dokar take?"

"Haka take, Allah ya ba ka nasara. Ko waye shi."

"A cire."

Sarkin Dogarai ya zo ya tsaya a kan Anaruwa, ya fara warwarewa a hankali, kamar ba ya so. Anaruwa bai motsa ba. Aka ajiye rawanin a ƙasa a gaban Sarki. Ya ji iska a tsakiyar kansa, yadda Galadima ya faɗa. Abin da ya zo masa a rai kawai shi ne yadda zai shiga gida.

Madawaki ya fara haramar yin godiya, sai Sarki ya ce, "Wace magana ce ma aka karya? Ni ban je ba. A shigo da mai muryar."

Aka shigo da Cindo. Ya toshe kunne kamar yana kasuwa, ya kwarara har soron ya amsa: "Madawaki ya ce, Sarkin Baka ya ji! Maharba su hau Dutsen Gauraka, kada su motsa sai an aiko!"

"Galadima, ni me na ce a ɗakin nan?"

"Baka a gaba, doki a baya."

Madawaki ya ce an kawo masa labari ne cewa za a zagayo. Sarki ya tambaye shi wa ya kawo, ya hau kame-kame. Ya tambaye shi ko ya aiko birni ya nemi a sauya magana, ya ce bai aiko ba.

"Tunau," in ji Sarki, kuma kowa ya lura bai ce Madawaki ba. "Ka ce ko waye shi. Ka ce ko da ya kawo nasara. Kai nasarar ma ba ka kawo ba, kawo ka aka yi da igiya."

Sarkin Dogarai wannan karon bai yi nawa ba wajen warware rawanin Tunau.

Rawuna biyu a ƙasa, farare duka, duka da jan taɓon Kargo. Mutum biyu a durƙushe, kai a buɗe. Sarki ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Doka ta ce a cire, an cire. Ba ta ce wanda ya ceci gari ya koma gida haka ba. Anaruwa, ga su nan. Ɗauki wanda kake so."

Fadawa suka miƙa wuya. Kowa ya san sarautar Madawaki ake miƙa masa. Anaruwa ya matsa da gwiwa, ya juya na farko, ya ajiye. Ya juya na biyu, ya ga jelarsa duk ta tsattsage inda Tanoma ke tauna. Ya ɗauka.

"Babban ka bari," in ji Sarki.

"Allah ya ja zamaninka, ni baka na iya. Wannan nake ta roƙo a bar mini."

Sai da ya faɗa ya tuna ba shi da baki a majalisa. Ya sunkuyar da kai. Sarki ya yi irin murmushin nan da ya jawo komai tun farko.

"Daga yau da bakinka za ka riƙa yi mini magana, daga bakina kuma za ka ji. A naɗa masa."

Tun ba a gama naɗin ba Cindo ya riga ya fice. Tunau ya tashi da ƙyar ya nufi ƙofa, ba wanda ya riƙe masa hannu. Yana ratsa taron da ke waje, rana na dukan kansa, muryar tsohon ta tashi a bayansa: "Sarki ya ce, Sarkin Baka ya ji!"

Babban rawanin kuwa yana nan a ƙasa har majalisa ta watse, ba wanda ya taɓa shi.